Sakatar Ƙirgi a Hanyar Keita

Akwai wani yini a cikin shekarun da na yi ina aikin ungozoma wanda ko tsufa ya kwashe mini komai, ban yi zaton zai iya kwashe shi ba. Na karɓi haihuwa a kan tabarma, na karɓa a cikin amalanken jaki, na ga abubuwan da suka hana ni cin tuwo, amma duk sun yi ta dusashewa a raina ban da wannan. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, lamarin ba daga ciki ko naƙuda ya faro ba. Daga ƙarar wani banzan ƙarfe ya faro.

A wancan lokacin an haɗa ni da wata mota mai yawon awon ciki a ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, inda mata ba sa zuwa likita sai abu ya ɓaci. Motar irin wadda Turawa ke tafiya da ita ce, suna kwana ciki suna girki ciki. Okaziyo aka sayo ta, wato ta hannu, aka fitar da kujerun hutawa, aka mayar da ita ɗakin awo. A gefenta na dama akwai wani ɗan ɗaki mai shiga da fita kamar aljihun tebur, kuma a cikinsa aka kafe gadon awo. In mun isa gari sai mu sa kafaɗa, ni da direba, mu tura shi waje, cikin motar ya yi faɗi. In za mu tashi mu jawo shi ciki, ba abin da zai rage sai 'yar siririyar hanya da mutum ɗaya ke bi a karkace. An ce da can na'ura ce ke tura shi, amma ta mutu tun motar ba ta zo hannunmu ba. Saboda haka ba abin da ke riƙe ɗakin nan a kan hanya sai sakata biyu na ƙarfe, ɗaya wajen kan gadon, ɗaya wajen ƙafa. Kowacce ana danna ta cikin rami a daɓen motar, a kwantar da hannunta, a maƙale shi da ƙugiya don kada ta yi tsalle ta fito.

Wanda ya san hanyoyin Adar ya san gargada da duwatsu. Ba a daɗe ba ramukan suka cinye suka yi faɗi, ƙugiyoyin suka karye, sakatun suka samu filin rawa. Kwaram-kwaram-kwaram, tun daga fitarmu Madawa har mu isa Galma ko Urno. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin ƙara ba. Kafin mu kai garin da za mu yi aiki kaina ya riga ya kama ciwo, mace ta farko da ta hau gadon ita ke shan faɗan da ba ta jawo ba. Direbanmu dattijo ne mai sanyin hali, Baba nake ce masa, kuma ko a jikinsa.

"Madam, ki rabu da ita," in ji shi. "Hira take yi muna don kar in yi kwana bisa hanya."

"Baba, in hira kake so ka sayi rediyo."

Ba abin da ba mu gwada ba. Mun naɗa robar tsohon tiyub a jikin sakatun, ƙarfe ya tauna ta ya tofar. Mun cusa kwali, ya zama gari. Mun ɗaure hannuwan da waya, ta tsinke. A garejin Madawa suka lafta giris, yashi ya manne, ƙarar ta ƙara kauri. Mai garejin ya faɗa mana gaskiya, gyaran kirki shi ne a ƙera wa ramukan sabbin zobba na ƙarfe, a sa sabbin ƙugiyoyi, amma sai motar ta zauna a wurinsa. Ofis kuwa suka ce a bari sai an gama zagayen shekara, tunda ƙara ce kawai, ba ta hana tafiya.

Ana haka, cikin tsananin bazara, muka je wani ƙauye da ke kan tudu tsakanin Buza da Keita. Wani magidanci ya rako matarsa awo, ya tsaya nesa a inuwar wata bishiya. Manomi ne, amma da rani yana gyaran sirdin raƙumi da akumarin jaki. Da mata suka ragu sai ya matso ya gaida Baba.

"Sannunku da aiki. Tun kuna bayan dutsi munka jiya ku. Mi ya samu motar ga?"

Baba ya nuna masa. Ya durƙusa, ya girgiza sakatar, ya zura yatsa cikin ramin. Sannan ya ce, "Wanga ai aikin ƙirgi na."

Ƙirgi, ga wanda bai sani ba, fatar saniya ce wadda ba a jeme ba. In aka jiƙa ta sai ta yi laushi, a yanka ta siri-siri a ɗaure abu da ita. In ta bushe sai ta tsuke ta ƙandare, wuƙa ma da kyar take kama ta. Da ita mutanen yankin ke ɗaure sirdi da ƙafar gado, kuma ɗaurin yakan fi mai shi daɗewa. Ya je gida ya dawo da wadda ya riga ya jiƙa don wani sirdi. Ya naɗe kowace sakata da ita, zagaye bisa zagaye, har ta cika raminta cif. A madadin ƙugiyoyin da suka karye ya kitsa wasu 'yan maɗaukai, ya ɗaure su a gindin ƙugiyar, yadda hannun sakata zai shiga ƙarƙashi ya kwanta. Hannunsa na aiki kamar ba ya ma kallon abin da yake yi.

"Ku bar shi rana ta ida aikinta," ya ce. "Ba ku koma jin motsi nai."

Haka kuwa aka yi. Da la'asar muka tashi, ƙirgin ya bushe ƙayau. Muka hau gargadar da na fi tsana, na kasa kunne, shiru. Wallahi sai da na ji hawaye na neman zubo mini don daɗi. Na yi ta yi wa mai garejin Madawa tsiya, ina ce masa fatar saniya ta fi kayan aikinsa duka. Watanni muka yi a haka. Mu duka, ni da Baba da mai ɗaurin, ba wanda bai san abin da ruwa ke yi wa ƙirgi ba. Amma a watan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ruwa ba ya faɗo wa kowa a rai.

Farkon damina muka koma ƙauyen. Tun safe gari ya yi nauyi, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, manoma sun fito da iri suna jiran ruwan shuka. Ba mu ko tura ɗakin waje ba sai ga wata tsohuwa a guje, ba takalmi. Ta kama hannuna ta ce ɗiyarta ta haihu da hantsi, yaron na nan lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Da na bi ta gida na shiga ɗakin mai jegon sai na ga matar mai gyaran sirdin ce. Tabarmar ta jiƙe, leɓɓanta sun yi fari, tana kallona kamar daga nesa.

Na yi abin da na iya. Na yi mata allura, na sa mata ƙarin ruwa, na duba na ga mabiyiya ba ta fita duka ba, mahaifa kuma ta saki ta ƙi tsukewa. In na danna marar da hannu biyu da ƙarfi jinin ya lafa, in na saki ya dawo. Wannan ba aikin mota ba ne. Jini take buƙata da likitan tiyata, kuma mafi kusa shi ne Keita. Na ɗaga waya in kira, babu rezo, layi ba ya shiga. Na leƙo na kira Baba, na same shi yana kallon sama.

"Madam, ƙoramu biyu ag gabanmu. In ruwan ga ya riga mu, sai gobe."

"Ba ta da gobe, Baba."

Ya je ya tada mota.

Muka kwantar da ita a gadon awo, ɗakin yana ciki, sakatun a danne. Na ɗaure ta da ɗamarar gadon, na durƙusa a siririyar hanyar nan, hannuwana biyu a kan mararta. Tsohuwar ta zauna wajen kan gadon a kan akwatin magani, jaririn ɗaure a ƙirjinta da zane. Mijin ya nufi gaba zai zauna kusa da Baba, na daka masa tsawa na ce ya dawo, ina son wanda zai ɗaga ledar ruwan yana matsa ta. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar an ce ya shiga wuta, sannan ya shigo ya raɓe wajen ƙafar gadon, ya juya fuskarsa ga bango.

Sai a nan na tuna irin mutanen da nake tare da su. Manoma ne, Hausa suke yi, amma kakanninsu sun zauna tare da makiyayan arewa, sun gaji rawani da amawali, wato ɓangaren da ke rufe hanci da baki. Namiji a cikinsu ba ya buɗe bakinsa a gaban manya, ballantana surukarsa. Ba ya ci a gabanta, ba ya sha, ba ya kallon idonta, ba ya yi mata magana kai tsaye. In ya hango ta a hanya sai ya ja amawalin har ƙasan ido ya canja hanya. Ga shi yanzu tsakaninsu bai wuce tsawon gado ba.

"Madam," ya ce da bango, "ki ce ma tsohuwa ta riƙe ƙarhen can, hanyar da muni."

"Ki ce mishi na jiya," in ji tsohuwar, idonta a kan jariri.

Raina ya ɓaci. Mace na zubar da ranta a hannuna, su kuma sun mayar da ni 'yar aike. Na haɗiye abin da ya zo bakina, don ba ni da numfashin ɓatawa.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece. Ba yayyafi ba, irin ruwan nan na farko mai zuwa da fushi, har Baba sai ya manna fuska da gilashi. Da muka isa ƙorama ta farko ta riga ta fara gudu. Ya shiga a hankali, ruwa ya kai cikin motar, ya yi ta feso mana ta ramukan sakatun, wani kuma yana zubowa ta gefen ɗakin inda rana ta cinye roba. Muka fita lafiya, kowa ya yi hamdala. Daɓen motar ya zama tafki, gwiwoyina cikin ruwa. Ban damu ba, hankalina na kan bugun jinin matar, wanda nake ji yana sirancewa.

Muka daɗe muna jan ciki cikin taɓo muna hawan tudu. Can sai na ji wani abu, tak. Na ɗauka dutse ne. Aka jima, tak-tak. Sannan ƙarar da na yi watanni ban ji ba ta dawo, kwaram, kwaram, a hankali kamar mai gyaran murya. Na ɗaga kai. Mijin ya riga ni ji. Ta saman amawalin na ga idanunsa sun fito. Ya rataye ledar ruwan a ƙarfen rufi, ya durƙusa ya taɓa maɗaukin sakatar ƙafa. Abin da na sani da tauri kamar ƙashi ya miƙe a yatsunsa kamar hanjin akuya.

"Ya sha ruwa," ya ce.

Daidai nan hanya ta fara gangara. Wurin a karkace yake, dutse a hagu, kwazazzabo a dama, motar ta kwanta ta gefen ɗakin. Muka faɗa wani rami, sai na ga sakatar kan gadon ta yi tsalle ta fito. Ɗakin ya motsa. Gadon da nake dannawa ya fara nisa da ni ta wajen kai, hannuwana suna bin sa. Tsakanin ɗakin da jikin motar wata kafa ta buɗe, faɗin tafin hannu, sannan ta ƙara. Ta cikinta na ga jan ruwa na gudu a ƙasa, na ga duwatsu, iska ta watso mana ruwa a fuska.

"Motar na ja dama!" Baba ya yi ihu daga gaba. "Mi ke hwaruwa nan baya?"

"Ɗakin na fita! Ka tsaya!"

"In na taka birki nan, mu duka cikin kwazazzabo za mu! Ku riƙe shi! Ginin dutsi na gaba!"

Na san ginin da yake nufi. A ƙasan gangaren hanya na ratsawa tsakanin katangu biyu na duwatsu cikin ragar waya, irin waɗanda aka gina don tare zaizayar ƙasa. Ko da rani motar da kyar take wucewa. In muka isa da ɗakin a waje, kan gadon ne zai fara cin katangar, kuma a nan kan matar yake. Ba wurin da zan sauke ta, hanyar da nake durƙushe ba ta ɗaukar mutum a kwance, ga ruwa. In kuma na ɗauke hannu don in ja gadon, jinin zai dawo. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba, har bakina ya yi ɗaci.

"Madam, ɗora ƙahwarki bisa wagga!" Mijin ya kama ƙafata ya ɗora ta a kan hannun sakatar da ta rage, na danne ta da iya ƙarfina. Ya tsallake ni ya isa wajen kan gadon, gwiwarsa har tana gogar ta surukarsa. Ya kama ƙarfen gadon ya ja. Ɗakin ya dawo kaɗan, motar ta sake girgiza, ya ƙwace ya fita fiye da da. Ƙarfin mutum ɗaya ba zai iya da shi ba.

"Igiya! Akwai igiya?"

"Tana bisa ruhi, ta ɗaure taya!" in ji Baba.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ɗankwalina bai kai ko'ina ba. Zanen tsohuwa na riƙe da jariri. Sai na ga ya kai hannu kansa, ya kama bakin rawaninsa, ya tsaya. Ni a lokacin ban ma fahimci abin da yake nufi ba, na ɗauka ruɗewa ya yi. Ya yi ƙoƙarin juya mata baya, wurin bai ba shi dama ba, dole fuskarsa na kallon tata. Ta gilashin gaba na fara hango katangun. Tsohuwar ce ta gane. Ba ta ce in faɗa masa ba. Da bakinta ta yi masa magana, a karo na farko tun da ya auri ɗiyarta.

"Kwance shi, ɗana. Ni ɗiyata nika kallo."

Ya kwance. Ban taɓa sanin rawani na da tsawo haka ba, yana warwarewa kamar ba zai ƙare ba. Fuskar da ta fito ta ba ni mamaki, ashe yaro ne a kan yadda na zata, haɓarsa duk shuni. Ya zarga rawanin a ƙafar gadon, ya kai shi ga wani ginshiƙin ƙarfe da ke riƙe da kabad a bangon hagu, ya dawo, ya sake kaiwa, har ya ƙare, ya ƙulle. Ya jawo kilen kwance taya daga bayan kujerar Baba, ya soka shi tsakanin zaren, ya fara murɗawa yadda suke tsuke kaya a bayan raƙumi. Rawanin ya murɗe ya zama igiya mai kauri, ruwa na tsiyaya daga jikinsa. Ɗakin ya yi ƙara ya fara dawowa, kaɗan-kaɗan, gadon yana matsowa gare ni. Kafar ta ragu har ta koma faɗin yatsu.

Muka shiga tsakanin katangun. Na ji kusurwar ɗakin ta kama ragar waya, wani ƙiiii da ya ratsa haƙorana, motar ta yi kamar za ta tsaya, sannan ta ƙwace. Ya gwada mayar da sakatar, ta ƙi shiga, ƙirgin ya kumbura ya zama taɓo, ramin kuma bai daidaita ba. Sai ya rungume kilen a ƙirjinsa ya tokare ƙafa da kabad. In ya saki, kilen zai warware, ɗakin ya tafi.

Ƙorama ta biyu ta fi ta farko cika, ruwanta ja, yana tafe da rassan itace. Baba bai tsaya dubawa ba, na ji ya yi bisimilla ya danna. Ruwa ya bugi motar ta hagu, ta kwanta dama, duk nauyin ɗakin da gadon da matar ya koma kan rawanin. Na ji zare na tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya. Shuni na bin damatsansa, gauraye da jinin tafin hannunsa. Kilen ya fara zamewa. Sai tsohuwar ta tallafe jariri da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan ta ɗora a kan hannuwan surukinta, ta danne tare da shi.

A cikin wannan hali matar ta buɗe ido. Ta ga mijinta kai ba rawani, baki a buɗe, ga hannun uwarta a kan nasa. Da wata 'yar murya da kyar na ji ta ce, "Subhanallahi. Gaban Inna?"

Dariya ta kusa ƙwace mini tare da kuka. Wadda ke da sauran ƙarfin jin kunya tana da sauran rai, na ce a zuciyata, na ƙara dannawa. Tayoyin gaba suka kama ƙasa, muka hau.

Da muka shiga likitar Keita, wato asibitin garin, ma'aikata suka fito da gadon turawa. Sai da wata ma'aikaciya ta ɗora hannunta a gurbin nawa kafin na iya ɗagawa. Shi kuwa sai da Baba ya ɓamɓare masa yatsu daga jikin kilen, sun ƙage sun ƙi buɗewa. Rawanin ya riga ya lalace, ya yayyage, ya sha giris. Ya sauko ya tsaya a tsakar likita, mutane na kai da kawowa, kansa a buɗe, ya rufe bakinsa da tafin hannu mai jini. Na ga maza suna kallonsa suna kau da kai. A motar bai yi kama da wanda ke jin tsoro ba, amma a nan ya rasa inda zai sa kansa.

Tsohuwar ta kira ni da ido. Ta zare mayafin da ke kanta, ta ninke shi, ta miƙo mini.

"Ki ba shi."

Na kai masa. Ya juya ga bango ya naɗa, ya ja shi har ƙasan ido. Mayafin mata ne mai furanni, amma ban ga wanda ya yi ko murmushi ba.

Na shiga ciki na tsaya tare da masu aiki. An fitar da ragowar mabiyiyar, an samu jinin da ya dace da nata, an ɗaura. An daɗe ana fama kafin mahaifar ta tsuke, bugun jininta ya dawo yadda yatsa zai ji shi ba sai an lalubo ba. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, da wani zance ake yi. Da na fito rana ta kusa faɗuwa, ruwa ya ɗauke. Na same su a inda ya kamata in zata, ita a wannan kusurwar rumfar jira da jariri, shi a can ɗaya kusurwar, ya ba ta baya. Shi na fara isa, na faɗa masa matarsa ta tsira. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Sannan ya ce:

"Madam, ki ce ma tsohuwa ɗiyarta ta tashi."

Na taka na je na faɗa mata, ko da yake ta riga ta ji. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Ki ce mishi Allah shi yi mishi albarka. Ki ce mishi a duba hannun nan nai."

Wannan karon ban ji haushin aiken ba. Na kai saƙon kalma bisa kalma, kuma ni da kaina na wanke masa hannun na naɗe.

Motar ba ta sake fita zagaye ba sai da ta zauna a garejin Madawa aka ƙera mata zobban ƙarfe da ƙugiyoyi, muka kuma ajiye igiya a cikinta, ba a kan rufi ba. Tun daga ranar, duk gyaran da aka yi mini, na mota ne ko na gida, sai na tambayi mai gyaran yadda abin zai kasance in damina ta zo. Amma babban abin da na ɗauko a hanyar nan ba na ƙarfe ba ne. Na shiga motar ina ganin kunyar mutanen nan wahala ce kawai da ɓata lokaci, irin abin da mu 'yan birni muke yi wa dariya. Na fita na san cewa abin da mutumin nan ya kwance daga kansa ya fi masa tsada fiye da fatar hannunsa, kuma tsohuwar ta san haka, shi ya sa ta sauƙaƙa masa da bakinta sannan ta mayar masa da abinsa da hannuna. Ban ƙara raina abin da wani ke jin nauyinsa ba don kawai ni ba na jin sa.